Ciwon Kai Na Farat Ɗaya Da Abin Da Jinkirin Fiɗa Ke Jawowa

A cikin watan Maris na 2025 Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwa cewa cutar sanƙarau ta ɓulla a ƙasar Gwandu da Jega da Aliero, har mutum 26 sun riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu kuwa a ƙaramar hukumar Gwandu ne. Allah ya jiƙansu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in a garuruwa irin su Dodoru da Kambaza da Dalijan, da an ji mutum ya ce kansa na sara, wuyansa ya sandare, sai hankalin kowa ya tafi ga sanƙarau. Wannan tsoro yana da amfani, gama yana sa a kai marar lafiya asibiti da wuri.

Amma akwai wata cuta dabam wadda ita ma ta kan zo da ciwon kai da amai da sandarewar wuya. Allurar sanƙarau ba ta yi mata kome, ƙwayar zazzaɓi ma haka. Maganinta aikin fiɗa ne a cikin kai, kuma kwanakin da a ke da su kafin ta sake bugu ƙidayayyu ne. Wannan cuta ita ce fashewar kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu al'amarinta, musamman malaman makaranta da akawunan ofisoshin hakimai da na ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji aikin ma'aikatan En'e na da. Su ne a kan fara nema a ƙauye in abu ya rikice, su a kan tambaya ko a ɗauki mota ko a dakata zuwa gobe. Amsar da za su bayar a wannan sa'a tana iya zama sanadin tsira ko halaka.

Yadda Cutar Ta Ke

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai manyan jijiyoyin jini waɗanda suka haɗu suka yi zobe, daga nan suka rarrabu suna shayar da ita. A wuraren da jijiya ta yi reshe, bangonta ya kan raunana ga waɗansu mutane, sai ƙarfin jini ya riƙa tura shi a hankali har ya yi bororo. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon tiyub na keke ya kumbura a gefe guda in an sa masa iska, to, ya ga misalin abin. Likitoci suna kiran wannan kumburi aniyurizim.

Bisa ga binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, kimanin mutum 3 cikin kowane baligi 100 suna ɗauke da irin wannan kumburi, kuma mafi yawansu su kan ƙare rayuwarsu bai taɓa fashewa ba, ba su ma san yana nan ba. Waɗanda nasu ke fashewa kaɗan ne: a lissafin duniya na 2010, wajen mutum 6 cikin kowane 100,000 ne a shekara jini ke zuba musu haka. Ya fi faruwa tsakanin shekara 40 da 60, ya fi kuma yawa ga mata. Abubuwan da ke ƙara haɗarinsa su ne hawan jini, da shan taba, da yawan shan giya, da gado, watau in an sami mutum biyu cikin iyaye ko 'yan'uwan ciki ɗaya da abin ya sama. Masu ciwon sikila ma an lura kumburin ya kan same su.

Ran da ya fashe, jini ya kan malala cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Mutum yana cikin aikinsa, ko yana alwala, ko yana ɗaga buhu, sai ya ji kamar an maka masa taɓarya a ƙeya. Ciwon ya kan kai iyakarsa kafin minti guda, mai shi kuwa ya kan ce tun da ya ke bai taɓa jin irinsa ba. Sai amai, sai ƙin haske, wani ya suma, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, bayan 'yan sa'o'i wuya ya sandare. Wani kuma fatar idonsa guda ta kan sauka ta rufe ido, ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Ga inda ta bambanta da sanƙarau: sanƙarau ta kan zo da zazzaɓi, ta yi ta ƙaruwa cikin yini ko kwana, ta fi kama yara da samari, lokacinta kuwa rani da bazara. Wannan kuwa ba ta da lokaci, ta fi kama manya, kuma farat ɗaya ta ke faɗowa, yawanci ba zazzaɓi da farko.

Kwanakin Haɗari

Wajen mutum 1 cikin 8 na waɗanda abin ya sama su kan cika tun ba a kai su asibiti ba. Saura kuwa jinin ya kan daskare ya toshe hudar, su farfaɗo, waɗansu ma har su tashi su yi magana su ci abinci. A nan ne iyali su kan ruɗu, su ce sauƙi ya samu. Alhali abin da ya toshe hudar ɗan gudan jini ne kawai, kumburin yana nan yadda ya ke, ƙarfin jini kuma bai daina dukansa ba.

Haɗari na farko shi ne ya sake fashewa. Wannan ya fi aukuwa a awa 24 na farko, musamman awa 6 na fari; bincike dabam-dabam sun sami tsakanin kashi 4 da 14 cikin 100 a wannan yini ɗaya. In ba a toshe kumburin ba, kimanin mutum 1 cikin 5 za su sake zubar da jini kafin kwana 14, kusan rabi kuma kafin wata 6. Zuba na biyu ya fi na fari muni ƙwarai, gama wajen 7 cikin 10 na waɗanda ya sama ba su kan tashi ba.

Haɗari na biyu ya kan taso daga kwana na 3 ko na 4, ya tsananta tsakanin kwana na 7 da na 10, ya lafa wajen kwana na 14. Jinin da ya kwanta a kewayen jijiyoyi ya kan fara ruɓewa, jijiyoyin su tsuke, jini ya kasa isa waɗansu sassan ƙwaƙwalwa. Mutumin da jiya ya ke hira, yau sai a ga ya rikice, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko magana ta ɗauke. Kusan 3 cikin 10 su kan gamu da wannan. Akwai magani mai suna nimodifin wanda wani babban gwaji da aka buga a Ingila cikin 1989 ya tabbatar yana rage ɓarnar. A kan sha miligiram 60 kowane awa 4 har kwana 21. Haɗari na uku kuwa shi ne jinin ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru ya matse ta, sai an sa 'yar roba an zuƙe shi.

Waɗannan haɗarurruka suna da nasaba da juna. In jijiyoyi suka tsuke, babbar dabarar likita ita ce ya ɗaga ƙarfin jinin marar lafiya don jini ya ratsa. Amma in kumburin yana nan ba a toshe ba, ɗaga ƙarfin jini na iya fasa shi. Ashe wanda aka jinkirta wa aiki ya rasa kariya ta fuska biyu.

Yadda Likitocin Da Suka Zaɓi Jinkiri

Masu karatu za su yi mamakin jin cewa akwai zamanin da manyan likitocin duniya da kansu su ke jinkirta wannan aiki da gangan. A cikin 1927 wani likitan ƙasar Fotugal, Egas Moniz, ya gano yadda za a zuba wani ruwa a jijiya a ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A cikin 1931 Norman Dott na birnin Edinbara ya buɗe kan wani mutum ya naɗe kumburin da tsokar da ya yanko daga ƙafarsa. A cikin 1937 Walter Dandy na Amurka ya matse wuyan kumburi da ɗan ƙarfen azurfa mai kama da matsefata, wanda shi ne asalin aikin da a ke yi har yanzu.

Amma likitocin wancan zamani sun tarar cewa in suka buɗe kai a kwanakin farko, ƙwaƙwalwa a kumbure ta ke, ta yi ja, jini ya rufe kome, kumburin kuma ya kan fashe a hannunsu. Mutane da yawa sun mutu a kan tebur. Sai suka ɗauki ƙa'idar a kwantar da marar lafiya a ɗaki mai duhu mako biyu ko uku, in kai ya lafa sa'an nan a yi aiki. Da suka yi haka kuwa sai sakamakon fiɗarsu ya yi kyau ƙwarai.

To, a nan akawu mai hankali zai ga kuskuren lissafin. A ce mutum 100 aka kwantar, 30 suka mutu cikin jira, aka yi wa 70 aiki, 65 suka tashi. Likita zai rubuta a littafinsa cewa ya yi aiki 70 ya rasa 5 kaɗai, kuma bai yi ƙarya ba. Amma unguwar da ta kawo mutum 100 ta binne 35. Wannan misali ne kawai muka ƙaga don a gane, amma haka al'amarin ya ke. Lissafin gaskiya daga ranar da jijiya ta fashe ya ke farawa, ya haɗa da duk wanda bai kai ga tebur ba.

Cikin shekarun da suka biyo baya kayan aiki suka inganta. Tun daga 1967 Gazi Yasargil, wani Baturke da ke aiki a birnin Zurik, ya shiga yin fiɗar jijiyoyin kai da madubin ƙara girman abu. A cikin 1971 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum na farko da na'urar CT a London. Sai aka sake tada maganar lokaci. Daga 1980 zuwa 1983 asibitoci 68 na ƙasashe 14 suka haɗa kai suka bi diddigin marasa lafiya 3,521, aka buga sakamakon cikin 1990. Bayan wata 6, kashi 26 cikin 100 sun rasu, kashi 58 sun warke sarai. An ga cewa lalle fiɗar da aka yi bayan kwana 10 ta fi sauƙi, amma ribar da aka ci ta wannan fuska an yi hasararta ga waɗanda suka sake zubar da jini ko jijiyoyinsu suka tsuke suna jira. Mafi munin sakamako kuwa ga waɗanda aka shirya wa aiki tsakanin kwana 7 da 10 ne. A ƙasar Finlan ma, cikin 1989, an buga gwajin mutum 216 da aka raba da ƙuri'a. Bayan wata 3, kimanin 9 cikin 10 na waɗanda aka yi wa aiki cikin kwana 3 na farko suna iya kula da kansu, na sauran ƙungiyoyin kuwa kimanin 8 cikin 10.

A cikin 1990 kuma wani likita ɗan Italiya, Guido Guglielmi, da ke aiki a Amurka, ya fito da hanyar da ba sai an buɗe kai ba. A kan zura siririyar roba ta jijiyar gindin cinya har ta kai ƙwaƙwalwa, a cusa lallausar waya cikin kumburin ta nannaɗe, jini ya daskare a kanta ya toshe shi. Gwajin mutum 2,143 da aka buga cikin 2002 ya nuna cewa bayan shekara guda, kimanin kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka sa wa waya sun rasu ko sun nakasa, na waɗanda aka buɗe wa kai kuwa kimanin kashi 31. Duk da haka akwai kumburin da sai buɗe kai ke yi masa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya da jijiyoyi ta Amurka ta fitar cikin 2023 ita ce a toshe kumburin da zarar an sami hali, in so samu ne cikin awa 24.

Wanda Ya Zo A Makare Fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu, gama a ƙasarmu da wuya mutumin ƙauye ya isa gaban likitan ƙwaƙwalwa a yinin farko. Amsa ta kasu biyu.

Wanda ya iso tsakanin kwana 4 da 10, watau cikin kwanakin tsukewar jijiyoyi, da a kan ce a bar shi sai sun wuce. Da aka sake nazarin alƙaluman gwajin nan na 2002 sai aka ga jira ba ya ƙara masa kome, sai dai ya ba kumburin damar sake fashewa. Saboda haka ra'ayin da ya rinjaya yanzu shi ne a yi masa aiki ba tare da ƙarin jinkiri ba.

Wanda kuma ya iso bayan mako biyu ko wata guda yana tafiya da ƙafarsa, ya tsallake siratsi biyu, kuma yawanci fiɗar irinsa ta kan yi kyau. Kada iyalinsa su ce ai tun da ya warke a bar kaza cikin gashinta. Mun riga mun faɗi cewa kusan rabin waɗanda ba a toshe wa ba su kan sake zubar da jini kafin wata 6, bayan nan ma haɗarin ba ya ƙarewa, ya kan tsaya wajen kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Zuwa a makare ya fi ƙin zuwa nesa ba kusa ba.

Amma muna jan hankalin masu tsara sha'anin lafiya. In asibitinmu ya ba da rahoto cewa masu zuwa a makare suna tashi lafiya bayan fiɗa, labari ne mai daɗi, kuma shaida ce ta ƙwarewar likitocinmu. Sai dai ba hujja ba ce ta cewa jinkiri ba ya cutarwa. Waɗanda suka iso ɗin su ne ragowar da cutar ta tankaɗe. Sauran suna maƙabartun ƙauyukansu, an ce iska ce ta buge su, ko sanƙarau, ko hawan jini, ba wanda ya rubuta sunansu a littafin kowane asibiti.

Daga Dodoru Zuwa Sakkwato

Bari mu ɗauki misali. A ce wani magidanci ɗan shekara 50 a Dodoru ya faɗi a gona da hantsi, ya farfaɗo yana riƙe da kansa. Jinkiri na fari a gida ya ke. Za a kwantar da shi a inuwa, a yi masa tofi, a kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, a aiki yaro kantin magani ya sayo ƙwayar ciwon kai. Addu'a ba ta hana ɗaukar mota, ana iya yinta a hanya. Ƙwayar kuwa, in irin su asfirin ce, tana hana jini daskarewa, ga shi kuwa gudan jini ne kaɗai ke riƙe da ran mutumin. Kwana biyu su kan tafi a haka.

Jinkiri na biyu a ƙaramin asibiti ya ke. Malamin asibiti zai ga ciwon kai da amai ya ba da maganin zazzaɓin sauro ko na taifot, in ya ga wuya ya sandare ya ce sanƙarau. Ba mu ga laifinsa ba, gama cikin masu ciwon kai ɗari da ke zuwa gabansa, da ƙyar a sami guda mai wannan cuta. Amma tambaya ɗaya ta kan raba gardama, kuma ba ta cin kwabo: shin ciwon a hankali ya taso, ko kuwa farat ɗaya? A babban asibiti kuma, in likita ya ɗebi ruwan ƙashin baya don neman sanƙarau ya ga ya gauraye da jini ko ya yi ɗorawa, wannan alama ce babba.

Jinkiri na uku shi ne neman hoto. Na'urar CT, in an ɗauki hoton cikin awa 6 na farko, kusan ba ta kuskuren ganin jinin. Kullum kwana na ƙaruwa jinin na shuɗewa, har bayan mako guda hoton na iya fitowa fes alhali kumburin na nan. Bayan an ga jini kuma sai an sake hoton jijiyoyi don a san inda kumburin ya ke. Mutumin Dodoru yana da manyan asibitoci a jiharsa: asibitin tunawa da Sarkin Gwandu Sir Yahaya da asibitin Gwamnatin Tarayya, duka a Birnin Kebbi, da babban asibitin jiha a Kalgo. Amma cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa da ta shahara a wannan yanki ita ce ta asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tsakaninta da Birnin Kebbi kuwa tafiyar kilomita wajen 150 ce. In iyali suka bi asibiti-asibiti, ko'ina a kwana biyu, sai su isa Sakkwato daidai lokacin da jijiyoyi suka fara tsukewa.

Likitocin wannan fanni kuwa 'yan kaɗan ne. Marigayi Latunde Odeku, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a fiɗar ƙwaƙwalwa, ya fara aikin a asibitin koyarwa na Badun cikin 1962. Bayan shekara 60, cikin 2022, yawansu a ƙasar duka bai kai 150 ba, ga jama'a sun haura miliyan 200. Ƙasar Gwandu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Bello Bala Shehu, wanda ya yi fice wajen kafa cibiyar Sakkwato, ɗan Jihar Kebbi ne, kuma cikin 2017 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo. Aikin sa waya ta jijiyar cinya kuwa sai a wurare ƙalilan na manyan birane, irin su Ikko.

Kuɗi Da Doka

Jinkiri na huɗu shi ne na aljihu, kuma sau da yawa ya fi sauran tsawo. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya ya ke fitowa kai tsaye. Manomi ba ya ajiye kuɗi a banki. Dukiyarsa tana rumbu da turke. Kafin a jira ranar kasuwa a sayar da sa, a jinginar da gona, a aika wa 'yan'uwa da ke ci-rani, mako ya wuce. Kumburin kuwa bai san ranar kasuwa ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma aza tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Ita ce kuma ta kafa asusun lafiya wanda a ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka ware kashi 5 cikin 100 na asusun don jiyyar gaggawa. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, Jihar Kebbi ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, watau KECHEMA. Tun cikin 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Rubutu dai ga shi nan. Abin da ya rage shi ne mutumin Dodoru ya gani a ƙofar asibiti.

Abin Da Mu Ke Roƙo

Ga Gwamnati, roƙonmu bai kai ga a gina cibiyar fiɗar ƙwaƙwalwa a kowace ƙaramar hukuma ba. Wannan ba shi yiwuwa, ba shi ma da amfani, gama an tabbatar cewa asibitin da ke yawan yin wannan aiki ya fi samun nasara bisa wanda ke yinsa jefi-jefi. Abin da a ke bukata shi ne a gajarta hanya. A tabbatar akwai na'urar CT mai aiki dare da rana a Birnin Kebbi ko Kalgo, da wutar da ba ta yankewa. A ƙulla yarjejeniya a rubuce tsakanin asibitocin Kebbi da cibiyar Sakkwato, yadda likita zai aika da hoto ta wayar hannu ya sami amsa nan take, a ɗauki marar lafiya kai tsaye. A ajiye nimodifin a manyan asibitoci don a fara ba shi tun kafin tafiya. A sa hoton gaggawa da motar asibiti cikin abin da asusun gaggawa zai biya, a yi aiki tukuna sa'an nan a yi maganar kuɗi.

Ga akawunan hakimai da na ƙananan hukumomi: ku ne ke da littafi. In an kawo rahoton mutuwar fuju'a ta baligi, ku tambaya ko ya yi kukan ciwon kai mai tsanani kafin ya cika, ku rubuta. Da irin wannan ne za a san girman abin a ƙasarmu. Ku taimaki dagatai da masu unguwanni su san direban da za a tasa ko da tsakar dare, su kuma kafa ɗan asusun unguwa na kuɗin mai.

Ga malaman makaranta: ku koya wa almajiranku magana ɗaya su kai gida. Ciwon kai mai faɗowa farat ɗaya, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, na babban asibiti ne a ranar, ko da ya lafa. Waɗansu su kan sami irin wannan ciwo 'yan kwanaki ko makonni kafin babbar fashewa, gama jijiyar ta ɗan tsatsa ne ta toshe. Wanda aka gano a wannan mataki shi ya fi kowa sa'a. A kwantar da shi, kai a ɗan ɗage, in ya suma a juya shi ta gefe, kada a ɗura masa kome a baki, kada a ba shi asfirin. A riƙe ranar da sa'ar da ciwon ya fara, gama ita likita zai fara tambaya.

Ga mu duka kuma, rigakafi ya fi magani. Awon hawan jini ba ya cin minti biyar, ana yinsa a ƙananan asibitoci. Wanda aka sa wa magani ya riƙa sha kullum, kada ya bari don ya ji garau. Mai shan taba ya daure ya rabu da ita, gama daga 1980 zuwa 2010 yawan wannan cuta a duniya ya sauka daga wajen mutum 10 zuwa 6 cikin 100,000, masana kuwa sun danganta saukar da raguwar shan taba da kula da hawan jini.

Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma an umurce mu da neman magani, nema kuwa yana da lokacinsa, kamar yadda shuka ke da nata. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.